Ha'inci a Gini da Hukuncin Fallasa Shi a Kafofin Sadarwa

(Matanin laccar da aka gabatar ga 'yan'uwa na rassan Anka, Gummi da Bukkuyum)

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya mana gidajenmu su zama wurin natsuwa da sutura. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mini ya samo asali ne daga wata tambaya da matasanmu suke yawan yi a 'yan shekarun nan. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila da Ostareliya an sami waɗansu masana waɗanda sana'arsu ita ce duba sabon gida kafin mai shi ya karɓa. Sukan shiga da awonsu, su nuna bangon da ya karkace da rufin da yake yoyo da katakon da ba a ɗaure ba, su ɗauki hoton bidiyo, su saka a TikTok ko Facebook ko YouTube, dubban mutane su gani. Wannan al'ada ta iso mu, har yanzu yaro yakan ɗaga bulo ya sake shi ya ruguje kamar ƙuli-ƙuli, ya ɗauka da wayarsa ya watsa. Tambayar ita ce: shin wannan aiki nasiha ne, ko kuwa giba ce da tonon asiri? Amsa a taƙaice ita ce, ha'inci a gini haramun ne, gargaɗin Musulmi a kansa kuwa wani yanki ne na hisba, amma yana da sharuɗɗa, wanda duk ya tsallake su ya faɗa cikin zunubin da bai kasa na wanda yake fallasawa ba.

Matsayin ha'inci a shari'a

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai yatsunsa suka ji danshi. Da mai abincin ya kawo uzurin cewa ruwan sama ne ya taɓa shi, Annabi (SAW) ya tuhume shi a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya barranta daga duk mai ha'inci. Ku lura da abubuwa biyu. Na farko, Annabi (SAW) bai tsaya ga kallon saman kaya ba, ya bincika cikinsa da hannunsa mai albarka. Na biyu, laifin mutumin nan shi ne ɓoye aibi. To, ina wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi, ina wanda ya ɓoye ruɓaɓɓen harsashi a ƙarƙashin filasta da fenti? Mai hatsi dukiya ya cuta. Mai gini kuwa dukiya da rai ya haɗa, domin a ƙarƙashin rufin nan ne mata da ƙananan yara za su kwanta.

Allah Ya saukar da sura guda da sunan masu tauye mudu, Ya yi musu alkawarin azaba, kuma Ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu (AS) alhali tauye awo yana daga manyan laifuffukansu. Kada wani ya zaci mudun kasuwar hatsi kaɗai ake nufi. Kwanon sarkin da lebura yake auna yashi da shi mudu ne, baro mudu ne, buhun siminti mai kilo 50 mudu ne, kaurin rodi ma awo ne. A cikin Suratul Kahfi Allah Ya ba mu labarin bawansa Haliru (AS) yana tayar da bangon da yake shirin faɗuwa saboda marayu biyu, da kuma Zulƙarnaini yana gina shinge da ƙarfe da narkakkiyar tagulla. An kuma ruwaito daga Nana A'isha (RA), a hadisin da Baihaƙi ya fitar, cewa Allah Yana son idan mutum ya yi aiki ya kyautata shi. Wannan shi ne abin da malamai suke kira itƙani.

Yadda ha'incin yake aukuwa

Wajibi ne mu san cutar da sunanta. Masana gini suna cewa buhun siminti guda bai kamata ya wuce bulo kamar 25 zuwa 30 na inci tara ba, amma sai mai gidan bulo ya buga 50 ko fiye, ya kuma sayar da shi tun bai sha ruwa ba. Sanannen haɗin kankare shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Sai a tsuke siminti, a cika yashi mai laka, a tsinka da ruwa don sauƙin zubawa. Kankare yana buƙatar a shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 ake lissafin ya yi cikakken ƙarfinsa, amma sai a kwance katakon linta ko na dakin da gaggawa domin a kai shi wani aikin. A rubuta rodi mai milimita 12, a saka mai 10, a karɓi kuɗin mai 12. A haƙa harsashi taƙi guda a ƙasar fadama. A yi rufi da ɗanyen katakon da ba a shafa masa maganin gara ba, a ƙi ɗaure shi da jikin gini, iskar farkon damina ta zo ta yaye kwanon baki ɗaya.

Ginin ƙasa ma bai tsira ba. Iyayenmu sukan cuɗa ƙasa da ramno su bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, su busar da tubali sosai, su faɗaɗa gindin bango, su zaɓi azarar giginyar da ta ƙosa, su shafe soro da makuba ko katsi, su kafa indararon da zai jefa ruwa nesa da gindin katanga, kuma kowace shekara a yi yaɓe kafin damina. Akwai Sarkin Magina wanda yake tsawata wa duk wanda ya ɓata sana'a. Yau an saki wancan tsari, na zamani kuma ba a riƙe shi da gaskiya ba.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, alhali kamfanin injiniyoyin da ya fara kula da aikin ya rubuta takardar janye hannunsa tun 2020. An yi gargaɗi, amma leburorin da suke aiki a ciki ba su ji shi ba. A watan Agusta 2022 bene ya faɗo a kan titin Beirut a Kano. Ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. A nan gida kuwa, ambaliyar watan Agusta 2024 ta rushe gidaje masu yawa a Gummi, an yi hasarar rayuka da dukiya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa waɗanda suka yi hasara da alheri. Ambaliya ƙaddara ce, tana cin gini mai kyau da maras kyau. Amma imani da ƙaddara bai hana riƙo da sababi ba, kuma wanda ya san Gulbin Zamfara yakan cika ya batse, sa'an nan ya yanka wa talaka fili a kan hanyar ruwa ya sayar masa bai faɗa masa ba, ba shi da ikon fakewa da ƙaddara.

Laifin ba na magini kaɗai ba ne

Adalci ya wajabta mu faɗi wannan. Sau da yawa mai gida ne yake sayo buhu 20 ga aikin buhu 40, ya ce wa birkila ya yi dabara. Gaskiya ne kaya sun yi tsada, domin a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Gaskiya ne kuma rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyuka zuwa cikin garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, buƙatar ɗakunan haya ta ƙaru. To, sai ka ga mai hali ya jera ɗakuna goma da kayan ɗaki biyar, ya zuba 'yan gudun hijira da zawarawa da marayu a ciki, shi kuwa yana kwance a gidansa mai ƙwari. Ɗaki biyu masu aminci sun fi ɗaki biyar na tarko. Akwai kuma mai danne ladan ma'aikaci, har ya tura shi ga satar siminti, alhali a hadisin ƙudusi da Buhari ya ruwaito, Allah Ya ambaci wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci aikinsa ya hana shi ladansa a cikin mutum uku da Shi da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Sai kuma ɗan kwangilar da ya karɓi aikin aji ko ɗakin shan magani, da jami'in da ya sa hannu cewa aiki ya yi kyau bai ko je wurin ba. Wannan shaidar zur ce, ko da biro aka yi ta.

Shi kuwa magini, tsadar kaya da matsin mai gida ba su zama hujja gare shi ba. Idan an ba ka kayan da ka san ba za su ɗauki gini ba, ka faɗa a gaban shaidu, idan an ƙi ka ajiye cokalinka ka tafi. Arziki na Allah ne.

Duba gini tsohon aiki ne a Musulunci

Kada mu zaci Turawa ne suka fara wannan. Malamanmu sun yi rubuce-rubuce a kan hisba, kamar Imamu Mawardi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, da Shaihul Islam Ibnu Taimiyya a cikin littafinsa na hisba, kuma sun sanya sa ido a kan masu sana'a cikin aikin muhtasibi. Ibnu Abdun, wanda ya rayu a Ishbiliya ta Andalus a farkon ƙarni na shida na Hijira, ya yi magana a kan kaurin bango da na azara, ya kuma nemi a ajiye ma'aunin tubali na hukuma domin a riƙa gwada aikin masu bugawa da shi. A Tunis, a ƙarni na takwas, an yi wani magini Bamalike mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo gini ya kawo musu bayani, shi ne ya wallafa Al-I'ilan bi Ahkamil Bunyan. A ƙasarmu ma Daular Sakkwato ta naɗa muhtasibi. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halilu an tabbatar da cewa idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi, yana da halin gyarawa bai gyara ba, har ya faɗa wa wani, to lamuni yana kansa. Haka ma'aikacin da ya yi sakaci, ko ya ƙetare abin da aka umurce shi, ko ya ruɗi mutane da da'awar gwanintar da ba shi da ita, shi zai biya ɓarnar.

A tsarin yau akwai COREN mai kula da injiniyoyi, da CORBON mai rajistar magina, da SON mai kula da ingancin kaya, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006. Amma ku gaya mini, talaka nawa ne a Bukkuyum ya taɓa ganin jami'i ya zo ya duba harsashin gidansa kafin a binne? Wannan giɓi shi ne matasa masu waya suke ƙoƙarin cikewa.

Kuma mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin amfanin masani mai awo, da amfanin ɗaga murya. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, bayan an daɗe ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Ido bai ga gubar ba, sai da likitocin ƙungiyar MSF da masana suka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida. Aikin tsabtace Bagega kuwa ya yi ta jinkiri, sai da ƙungiyoyi da matasa suka matsa ta kafofin sadarwa, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Saboda haka nake gargaɗi, kada kowa ya ɗebi ƙasar wurin niƙa ko wankin zinariya ya buga tubali ko ya yi yaɓe ko daɓe da ita, wanda kuma ya sayar da ita yana sane, ya sayar da mutuwa.

Shin fallasa giba ce?

Asali mutuncin Musulmi haramun ne, kuma Suratul Hujurati ta hana giba da leƙen asiri da mummunan zato. Amma Imamu Nawawi, a cikin Riyadus Salihina, ya ƙidaya wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga ciki akwai kai ƙarar wanda aka zalunta, da neman taimako don gusar da munkari, da gargaɗin Musulmi daga sharri. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar bayyana abin da aka yi masa. Lokacin da Faɗimatu bintu Ƙaisin (RA) ta nemi shawara a kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata abin da ya sani game da kowannensu. Suturar da shari'a ta kwaɗaitar a kanta ita ce ta zunubin da ya tsaya ga mai shi. Amma wanda yake sayar wa gari guda ruɓaɓɓen bulo, rufa masa asiri cin amanar sauran Musulmi ne. Sai dai akwai sharuɗɗa.

Na farko, ilimi. Ba kowace tsaga ce alamar rushewa ba, akwai ta filasta, akwai ta harsashi. Wanda bai san bambancinsu ba ya nemo wanda ya sani kafin ya buɗe baki.

Na biyu, tabbatarwa. Allah Ya umurce mu da bin diddigin labari a aya ta 6 ta Suratul Hujurati. Sau nawa ake ɗauko hoton ginin da ya faɗi a wata ƙasa a ce na wane ne? Wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, ya yi tarayya da wanda ya ƙirƙira.

Na uku, bin mataki. A fara da nasiha a asirce, a ba mutum damar gyarawa ko biya. Idan ya ƙi, a kai ga shugabannin sana'arsa, ko mai unguwa da hakimi, ko Hukumar Hisba, ko kotu. Watsawa ga duniya ita ce makoma ta ƙarshe. Amma idan rai yana cikin haɗari, kamar ajin da yara suke zaune a ƙarƙashin tsagaggen dakin, to a fitar da su nan take, a sanar da jama'a ba tare da jira ba.

Na huɗu, tsayawa a gwargwadon buƙata. A nuna aikin, a faɗi aibinsa, a ba wanda ake zargi damar kare kansa. Babu zagi, babu izgili, babu ambaton iyayensa ko ƙabilarsa ko jam'iyyarsa ko ƙungiyarsa. Ɗan'uwanmu na ƙungiya idan ya yi ha'inci hukuncinsa ɗaya da na kowa.

Na biyar, izini. Suratun Nur ta hana shiga gidajen mutane ba da izini ba. Haramun ne a ɗauki hoton cikin gidan Musulmi da iyalinsa a watsa da sunan duba gini.

Na shida, ikhlasi. Wanda yake yi don tara mabiya, ko don karya abokin gasa, ko don a kira shi gefe a ba shi na goro ya goge bidiyon, wannan ya bar hisba ya koma cin dukiyar mutane da ɓarna. Kuma ya sani, ban da hisabin lahira, kotunanmu suna hukunta ɓata suna, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ma an sha gurfanar da mutane da ita. Idan kuwa wanda aka fallasa ya gyara, wajibi ne a sanar da gyaransa a inda aka sanar da laifinsa.

Abin da ya hau kanmu

Bidiyo yakan zo ne bayan kuɗi sun ƙare, kankare ya daskare. Rigakafi ya fi magani. Don haka nake kira ga rassanmu da abubuwa kamar haka.

Mu fara da kanmu. Masallatanmu da makarantun Islamiyya da muke ginawa da taron sisin jama'a amana ce. Kada kwamitin gini ya ƙara hawa a kan harsashin da ba a yi shi don bene ba, kuma kada a zuba dakin sai injiniya mai rajista ya duba rodi.

Kowane reshe ya tattara sunayen 'ya'yansa da suka karanta injiniyanci ko fasahar gini, tare da dattawan magina masu amana, su zama masu ba da shawara, su duba wa marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira kyauta saboda Allah. Lokutan dubawa uku ne: kafin a binne harsashi, kafin a zuba kankare a kan rodi, da kafin a rufe bango da filasta.

A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, kamar yadda ayar bashi ta koyar da mu: buhu nawa, rodi mai lamba nawa, lada nawa, yaushe za a biya, wa zai gyara idan aibi ya bayyana. Mai sayen bulo ya gwada shi kafin ya biya. Mai sayar da gida ko mai ba da haya ya bayyana aibin da ya sani, domin mai saye yana da haƙƙin mayarwa saboda aibi.

Muna kuma kira ga masu martaba sarakunanmu na Anka da Gummi da Bukkuyum da su raya sarautar magina su ba ta ƙarfi, da shugabannin ƙananan hukumomi da Hukumar Hisba da su riƙa zagaya gidajen bulo kamar yadda ake zagaya masu mudu a kasuwa, su kuma hana yanka filaye a kan magudanan ruwa.

Ya kai ɗan'uwana magini, abin da ka binne a ƙarƙashin filasta mai gida bai gani ba, mai waya ma wataƙila ba zai taɓa gani ba, amma an rubuta shi, kuma za a tone shi a ranar da ake tone asirai. Idan ka san akwai ginin da ka ha'inta, tubarka ba ta cika da istigfari kaɗai, sai ka je ka faɗa wa masu shi tun kafin damina, ka gyara ko ka mayar da haƙƙi. Kunyar duniya ta fi ta lahira sauƙi.

Allah Ya tsarkake mana sana'o'inmu, Ya tsare mu daga cin haram, Ya kiyaye harsunanmu daga mutuncin bayinsa, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.